Neman kalma: jarumin almara da ya taso da tausayi, tafiya ta mayar da shi dutse

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Masu sharhin dogayen littattafan almara na Turai da Amurka suna da kalmomi biyu da ba sa rabuwa a bakinsu, loss of innocence da hardening. Abin da suke nufi shi ne yadda jarumi ke fara labari yana yaro mai kyautata wa kowa zato, sai abin ya riƙa zubewa littafi bayan littafi, har a kai inda zai sa a hallaka gari guda ko gezau bai yi ba. Ina neman yadda za mu faɗe su a sharhin adabi, a gajarce, yadda mutum zai iya rubuta "jigon littafi na shida shi ne kaza". Na'urar fassara tana ba da "rasa rashin laifi", wanda ba Hausa ba ne, kuma kotu ya kai mu.

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara raba su, don abu biyu ne. Na farko asara ce, wani abu ya bar jarumin. Na biyu kuma abin da ya tsiro a gurbinsa ne. Ana samun na farko ba tare da na biyu ba: yaro ya ga gawa, ya gane manya ma suna ƙarya, amma ya ci gaba da tausayinsa. Ga na farkon, "buɗewar ido" ce ke saurin zuwa baki, sai dai kun san inda take nufa. In an ce yarinya idonta ya buɗe, ba yabo ba ne, kuma ba maganar yaƙi ake ba. "Wayewa" ta boko ce da birni. "Gogewa" ta ma'aikaci ce, riba ce zalla, babu ciwo a cikinta.

Ɗan Almara: Kafin a yi nisa bari in ajiye misali a gabanmu, don kada mu auna kalma da iska. Wanda bai karanta The Wheel of Time ba ya yi haƙuri, zan tona labarin. Littafi 14 ne, Robert Jordan ya fara fitarwa a 1990, ya rasu a 2007, Brandon Sanderson ya ƙarasa ukun ƙarshe, na ƙarshen ya fito a 2013. Jarumin, Rand, makiyayin tumaki ne a wani ƙauye na bayan gari.

A littafi na 1 an kai hari gidansu, an raunata babansa Tam, kuma cikin zafin zazzaɓi Tam ya yi sambatun da suka nuna ba shi ya haife shi ba. Sannan ya gano yana da baiwar sihirin da ke haukata duk namijin da ya taɓa shi. A ƙarshen na 2 an yi masa rauni a kuiɓi wanda bai taɓa warkewa ba. A na 5 ya kasa ɗaga hannu ya kashe wata maƙiyiyarsa don mace ce, sai Moiraine, wadda ta fito da shi daga ƙauye, ta sadaukar da kanta. Ya zama mai haddace sunayen matan da suka mutu ta dalilinsa, yana bitar su a ransa. A na 6 aka sace shi, aka cusa shi cikin akwati a naɗe, ana fito da shi a yi masa duka a mayar. Bayan an ceto shi bai ƙara yarda da matan ƙungiyar da suka yi masa haka ba, kuma ɗaki in ya matse sai numfashinsa ya sarƙe. A na 11 wuta ta cinye masa hannun hagu, ya tashi ya ci gaba da magana kamar takalmi ya yar. A na 12 aka sa masa wani ƙarfen wuya na sihiri aka tilasta shi ya shaƙe Min, matar da yake so, da hannunsa. Ya kuɓuta, amma bayan nan ya shafe fada guda da duk wanda ke ciki don ya sami mutum ɗaya, kuma saura ƙiris ya kashe Tam.

Kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wannan matakalar duka.

Hajiya Marubuciya: Sannu da ƙoƙari ɗana. Ga na farkon ni "yaye" nake gani. Yaron da aka yaye ba shawara aka yi da shi ba, an shafa wa nono ɗaci ne ko an kai shi gidan kaka, ya yi kukansa ya gaji, kuma ba a komawa. Duk siffofin da kuke nema suna ciki: dole ce, akwai zafi, hanya ɗaya ce. Sai a ce "yayen ƙuruciya". Daren da Tam ya yi sambatu shi ne daren yayen Rand.

Mai Fassara: Hajiya, ba za a ɗauka bikin yaye ɗalibai ake nufi ba?

Hajiya Marubuciya: In ka bar "yaye" tsirara za a ɗauka. Da "ƙuruciya" a jikinta babu mai zuwa da hula da riga.

Malamin Adabi: Na karɓi wannan. Ta fi "mutuwar ƙuruciya", wadda ke kusa da "mutuwar zuciya", ita kuwa ta malalaci ce. Rigimar tana kan ta biyun. Abin da ke hannunmu: taurin zuciya, bushewar zuciya, ƙeƙashewar zuciya, dakewa, kangara. Kangara ta yaron da ya fi ƙarfin iyaye ce, a cire ta. Dakewa ta ɗan lokaci ce, mutum ya dake a gaban sarki ya koma gida ya yi kuka. Ƙeƙashewa da bushewa kuwa mun saba jin su a wa'azi, zuciyar da nasiha ba ta ratsa ta, kuma hukunci ne: da ka faɗa ka gama yanke wa mutum shari'a. Ni na fi karkata ga "taurin zuciya" don sauƙinta.

Ɗan Almara: Malam, Allah ya gafarta, taurin zuciya ba za ta yi ba, kuma littafin da kansa ne ya hana. Akwai tsohuwa Cadsuane da ta shigo a na 7, babban burinta shi ne ta koya wa Rand dariya da kuka kuma, don a ganinta ya ɗauki tauri a matsayin ƙarfi, alhali abu mai tauri shi ke tarwatsewa. A Hausa kuwa tauri yakan zo da yabo. Ɗan tauri wuƙa ba ta cin sa, jama'a na tafi. In muka ce "taurin zuciyar Rand", rabin masu karatu za su ji kirari ne. Sannan tauri hali ne da ake iya haifar mutum da shi, mu kuwa muna neman abin da ake samu a hankali.

Mai Gyaran Rubutu: To ku duba tafin hannun manomi. Ranar farko da yaro ya riƙe ƙotar fartanya, gindin yatsunsa kan yi bororo, ruwa ya taru, ya fashe, wurin ya yi ja, ko ruwan alwala ya taɓa sai ya yi tsalle. In ya koma gona kafin ya warke sarai, fatar da za ta fito ta fi ta da kauri. Kafin damina ta fita wurin ya yi kanta, ka tsikara da ƙaya ba zai ji ba. Amma kantar ba ta cin tafin duka, daidai inda ƙota ke guga take fitowa, kuma naman da ke ƙarƙashinta da ransa. In ya bar noma ya daɗe, ta yi laushi ta saɓule. Ina ba da shawarar "kantar zuciya".

Amfaninta ga mai rubutu ya wuce suna, don tana gaya maka yadda za ka gina abin. Yawancin rubutun da ke lalacewa a nan, dare ɗaya ake yi: an kashe uwar jarumi a babi na 3, a babi na 4 ya sa baƙaƙen kaya ya daina gaisuwa. Wannan rauni ne, kanta sai da maimaici. A labari mai littafi biyar zuwa bakwai, babban bugu ɗaya wanda ba ya gyaruwa ya isa kowane littafi, sauran ƙananan guga ne a wuri guda. Kowane bugu kuma ya bar alamar da ido zai gani, ko a jiki, ko a ɗabi'a, ko a magana. Akwatin Rand ya bar masa tsoron matsatsin wuri. Kada ka rubuta "zuciyarsa ta canza", nuna ya ƙi zama sai kusa da taga.

Hajiya Marubuciya: Wallahi ta zauna. Kuma "daidai inda ƙota ke guga" shi ne abin da yaranmu masu rubutun jarumta a waya suke mantawa. Sai ka ga an ci amanar jarumi a fada, ya dawo gida yana hantarar ƙanwarsa, yana harbin kare, ya daina cin tuwo da mutane. Me ƙanwar ta yi? In amana aka ci, yarda ce za ta yi kanta. Sai can gaba, in an so nuna abin ya yi muni, kantar ta bazu ta kai ga na gida. Jordan da Sanderson sai da suka kai littafi na 12 kafin Rand ya ɗaga wa Tam hannu, shi ya sa wurin ke girgiza mutum.

Ɗan Almara: Akwai ma'auni mai sauƙi: a ba jarumi jarrabawa iri ɗaya sau biyu, da tazara mai nisa. A Harry Potter, a littafi na 5, Harry ya jefa wa maƙiyiyarsa Bellatrix haramtaccen sihirin azabtarwa jim kaɗan bayan ta kashe Sirius, aminin babansa, bai kama sosai ba don a ransa ba ya son ganin azabar. A na 7 ya jefa wa wani maƙiyin, Amycus Carrow, sihirin nan dai, ya kama. Babu inda aka tsaya ana yi mana dogon bayani, tazarar littafi biyu ta yi aikin. Yayensa kuma a na 4 ne, da aka kashe Cedric, ɗan makarantarsu, a gabansa, har a na 5 ya fara ganin dawakan nan masu fukafukai da ke jan kekunan makaranta, waɗanda sai wanda ya ga mutuwa ke ganin su. Kun ga kalmomin biyu sun rabu da kyau: yaye a na 4, kanta a na 7.

Abu na biyu, a bar wani daga ƙauyensu a raye kusa da shi. Nynaeve ta san Rand tun yana bin tumaki, ta idonta muke gane nisan da ya yi. In ka kashe duk wanda ya san jarumi yana yaro, ba mai cewa "ba haka kake ba".

Malamin Adabi: Ina da ja guda. In kanta tana saɓulewa, me za mu kira wanda bai dawo ba? Ba kowane jarumi ke samun abin da Rand ya samu ba a ƙarshen na 12, da ya hau dutse da niyyar rushe duniya sai ya ɓuge da dariya.

Mai Gyaran Rubutu: Nan ne ƙeƙashewarka za ta yi aiki, Malam. A bar ta ga matakin ƙarshe, inda naman ƙasa ma ya mutu. Alamar rarrabewa: mai kanta yana biyan kuɗin abin da ya aikata, ba ya barci, yana bitar sunaye. Ranar da ya daina bitar, ya ƙeƙashe, kuma daga nan marubuci ya san mugu yake rubutawa ko da bai sauya masa suna ba. Haɗarin da ke tsakiya shi ne a daɗe a kan kanta ba gaba ba baya. Masu karatun Jordan da yawa suna kukan jan ƙafa daga wajen na 7 zuwa na 10. In ka ajiye jarumi yana ɗaure fuska littafi uku a jere ba tare da sabon guga ko alamar laushi ba, mai karatu ne zai yi kanta.

Mai Fassara: Madalla. Saura matsalar rubutu. "Kanta" tana karo da "kanta" ta "ita da kanta", ga kuma kantar shago. In na rubuta "zuciyarsa ta yi kanta", wani zai tsaya yana jiran ƙarshen jimla.

Hajiya Marubuciya: A suna babu matsala, "kantar zuciya" ba ta da kishiya. A aikatau ne za ka kauce: ka ce "kanta ta fito masa a zuciya", ko "ya yi kantar zuciya". Ga mace kuma kada ka kuskura ka rubuta "ta yi wa kanta kanta", ka ce "kantar zuciya ta kama ta". In sharhi kake yi, karon farko ka rubuta ta cikakkiya, bayan nan "kantar" kaɗai ta wadatar.

Malamin Adabi: Shi ke nan, na janye taurin zuciya. Amma a jam'i a bar ta yadda take, a ce "matakan kantar zuciya", kada wani ya ƙago mana "kantoci", mu koma kasuwa.