Bayan an tashi daga ofis, me kuke yi da sauran lokacinku?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar yayyena nake nema. Bayan bautar ƙasa Allah ya ba ni aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Bompai, alhamdu lillah. Sai dai rayuwar ta zama iri ɗaya kullum. Mu tashi ƙarfe biyar, kafin in fita daga cunkoso an kira magariba, ina idar da isha'i sai kwanciya da waya har sha biyun dare. Asabar da Lahadi barci ne da ɗaurin aure. Albashin ma ba ya ganin ƙarshen wata. Ku da kuka riga ni fara aiki, yaya kuke yi?

Yaya Akanta: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tunda akanta ka karanta, ka yi rajistar ICAN, jarrabawar zama ƙwararren akanta, tun yanzu da ba ka da mata ba ka da 'ya'ya. Mataki uku ne, kuma mai digirin akanta ana yafe masa wasu darussan. Da kuɗi a ciki, kar in ɓoye maka, amma ka tambaya a ofishinku, wasu kamfanonin suna mayar wa ma'aikaci kuɗin jarrabawa idan ya ci. In gida da hayaniya, ka riƙa zuwa ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello.

Injiniya: Ni kafin ICAN zan ce ka ƙware a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, tukuna. Ba shigar da lambobi kawai ba, ka iya haɗa rahoton da oga zai kalla sau ɗaya ya gane inda kuɗi suke zurarewa. Darussan suna nan kyauta a YouTube, ka sauke su ka kalla da dare maimakon bidiyon barkwanci. Akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ana koyar da nazarin bayanai ba ko sisi. Ka sa ido lokacin da za su buɗe ɗiba.

Ɗan Kwari: Ku dai 'yan boko kullum karatu! Auta, kawo ɗan jarinka in haɗa maka shadda da atamfa a farashin sari, ka riƙa kai wa 'yan ofis. Kafin sallah ka ga canji.

Anti Nas: Alhaji, kar ka jefa yaron nan a rigima. Kasuwancin ofis bashi ne zalla. Kowa zai ɗauka ya ce sai an yi albashi, ranar albashi kuma ka ga mutum yana canza hanya in ya hango ka. Wanda ya girme ka a aiki yaya za ka bi shi bashin atamfa? Auta, fara toshe ɓarakar tukuna. Ranar da kuɗi suka shigo, a ranar za ka cire abin da za ka ajiye, ba sai ka ga abin da ya rage ba. Adashi da mutanen da ka yarda da su ya isa. In ya taru kuma kana gudun kuɗin ruwa, akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jari bisa tsarin Musulunci, tun 2017 ake fitar da shi ana gina tituna da kuɗin, da naira 10,000 ma ana shiga idan an buɗe.

Yaya Akanta: Anti ta tuna min. Ka duba asusun fanshonka ma. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10. Wasu wuraren ana cirewa a takarda amma ba a zubawa, sai ka nemi bayanin asusun ka gani da idonka.

Ɗan Kwari: To na janye, amma ranar aurenka dai a wurina za a haɗa lefe.

Malam: Tsakanin magariba da isha'i ɗan lokaci ne, amma da albarka. Masallatai da yawa ana karatun littafi a lokacin. Ka zauna ko sau biyu a mako, ka bar wayar a aljihu.

Baffa: Na karanta duk abin da kuka ce, kuma ba wanda ya faɗi ƙarya. Amma kun lura duk shawarar ta koma neman kuɗi da neman takarda? Yaron nan ya wuni yana ƙirga kuɗin wasu, ya dawo gida kuma ku ce ya buɗe littafin ƙirga. Ɗana, ka samu abu ɗaya da za ka riƙa yi ba don ya kawo maka kwabo ba. Ni tattabaru ne nawa. Tsofaffin tukwane na jera a jikin katanga, da yamma in watsa musu gero in zauna a kan tabarma. Ƙwai biyu suke yi, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci, cikin kwana 17 zuwa 18 sun ƙyanƙyashe. Ka ga uban ya sa bakin ɗan shila a cikin nasa yana ɗura masa abinci, wallahi duk ɓacin ran da ka kwaso a ofis sai ka neme shi ka rasa. Abin kiyayewa kawai muzuru da shaho, sai tsaftar ruwan sha. Kar ka saya da yawa, aure biyu ya ishe ka, su za su cika maka gida.

Injiniya: Baffa, ai 'yan shila ma ana sayarwa, da tsada kuwa.

Baffa: Kun ji ko? Har tattabarun nawa ya kai su kasuwa. Nawa dai sai in maƙwabci ba shi da lafiya a yi masa farfesu.

Anti Nas: Ni abin da zan ƙara na jiki ne. Mai wuni a kujera ciwon baya da hawan jini yake tarawa a hankali. Ka riƙa tafiyar ƙafa, ka kuma riƙa auna jininka lokaci-lokaci ko da ƙalau kake jin kanka.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma in na ce zan haɗa duka, ina jin ko wata ba zan yi ba zan watsar.

Yaya Akanta: Taura biyu ba ta taunuwa. Ɗauki Excel yanzu, in ka samu natsuwa a shekara mai zuwa ka shiga ICAN, littattafaina suna nan zan ba ka aro.

Auta: To haka za a yi. Ajiya daga albashin watan nan, karatun Malam Litinin da Laraba. Baffa, ranar Lahadi zan shigo in ga tukwanen, sai dai ban san ko Hajiya za ta yarda da kashin tattabara a tsakar gida ba.

Baffa: Bar ni da ita, ni zan yi mata magana.

Injiniya: Batun motsa jiki kuwa, mu uku muna hawa Dutsen Dala duk Asabar bayan asuba, mu sauko mu sha koko da ƙosai. Daga sama har Goron Dutse za ka hango. In za ka zo ka sa takalmi mai igiya, matakalar ba ta son silifas.

Auta: Ina zan ajiye babur?

Injiniya: Kira ni in ka iso, akwai gidan abokina a gindin dutsen.