Shawarwarin da na tsinta kan finafinan da ba na kasuwa ba

To jama'a ga abin da na tattaro daga wata hira da aka yi kan irin finafinan nan da ake kaiwa gasar finafinai ta Cannes a Faransa da ta Berlin a Jamus. Shawarar da kusan kowa ya maimaita ita ce haƙuri, domin ba irin na Indiya ba ne, babu rawa babu bos, kyamara sai ta tsaya kan mutum yana shan shayi an daɗe ba a ce uffan ba, in kana kallo kana danna waya wallahi ba abin da za ka fahimta.

Sabon shiga an ce ya fara da A Separation na Asghar Farhadi ɗan Iran, na 2011, rigimar saki ce da jinyar tsohon uba da shiga kotu, duk abin da muka sani a gidajenmu, kuma har a tashi ba za ka iya cewa wane ne mai gaskiya ba. Ni ma nan na fi karkata.

A ɓangaren dokumentari Dahomey ta Mati Diop ta sha yabo, ita ta ci babbar kyautar Berlin a 2024, kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin, amma wasu sun ce muryar wani gunki daga cikin kayan da aka sa yana magana a fim ɗin ta gundure su. Sai Zinder ta Aicha Macky kan samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, wannan da Hausa ake magana, ba ka buƙatar fassarar ƙasan allo.

Na Turai kuwa a fara bincikawa kafin a kunna gaban yara, wasu akwai tsiraici.