Wane fim ɗin Amitabh na tsufansa zan kunna wa Baba?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu kallon fina-finan Indiya, na rasa yadda zan yi.

Mahaifina tun yana saurayi yake son Amitabh Bachchan, amma na shekarun 1970 kawai ya sani, irin su Zanjeer na 1973 da Sholay da Deewaar na 1975. Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, ya ce in nemo masa waɗanda mutumin ya yi bayan ya manyanta. Sau uku ina gwadawa, ba wanda muka kai ƙarshensa.

Na fara da Paa na 2009. A ciki ya fito a matsayin yaro mai cutar saurin tsufa, an sauya masa kamanni gaba ɗaya. Baba ya tsura wa talabijin ido kusan minti ashirin, sannan ya tambaye ni yaushe Amita zai fito. Black na 2005 kuwa ya yi masa nauyi, ga Turanci ya yi yawa. Piku na 2015 ne ya fi ba ni kunya: tsoho ne da ba shi da zance sai na cikinsa da ya ƙi tafiya, mu kuma muna tsakiyar cin tuwo. Inna ce ta tashi ta kashe.

Shi dattijo mai kwarjini yake so ya gani, mai wannan babbar muryar, ban da rawar da za ta sa in sunkuyar da kai a gabansa.

Don Allah, wane fim ɗaya ne daga 2000 zuwa yau ya cika wannan sharaɗin, wanda kuma ake samun fassararsa ta Hausa?