Yaran ƙarƙashin gada: talauci ne ko lalacewa?

Alhaji Bala: Salamu alaikum. Jiya da la'asar na bi ta gadar kogin Mayo Kaliyawo a nan Marwa ta Kamaru, sai ga yara a kan yashi, wani da tsumman sholisho a hanci, wani ya kife ko ƙuda ba ya korewa. Kada wanda ya ce min talauci ne. Mu ma da yunwa muka tashi a Marwan nan, ba mu sha komai ba. Rashin tarbiyya ne kawai.

Hadiza: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ku kun tashi gaban uwa da uba. Wasu yaran daga Kolofata da Amcide suka gudo tun 2014, lokacin da Boko Haram ta watsa garuruwansu. Wa zai ba su tarbiyyar?

Sani mai mashin: Ni na sha tiramol shekara biyu, ba na ɓoyewa. Mashin ɗin na mutum ne, kullum sai na cika masa kuɗinsa kafin in ci nawa. Ƙwaya ɗaya da shayi, ka wuni ba yunwa ba gajiya. Ta asibiti miligiram 50 ce, ta bakin tasha 225. Ranar da na faɗi ina shure-shure da kumfa a baki, da fasinja a bayana, ranar na tsorata.

Alhaji Bala: To ka gani, Sani. Da ka ga dama ai ka bari.

Sani mai mashin: Yayata ce ta kulle ni a ɗaki tana ciyar da ni, Alhaji. Na ƙarƙashin gada wa gare shi?

Malam Isa: Ku tsaya. 'Ya'yan masu hali ma suna sha fa, sai dai a bayan katanga. Idan jandarma sun yi shara, talaka suke kwasa don shi ne a fili. Dokar miyagun ƙwayoyi tana nan tun 1997, mai tebur kuma bai fasa sayarwa ba.

Hadiza: Har shanun noma ana ba su tiramol ɗin don su jure garma.

Alhaji Bala: Na ji na 'yan gudun hijira. Amma biyu daga cikin na jiya na san ubanninsu, a sahu ɗaya muke sallah. Su fa?