Murhun ɗumama gida ya ishe mu da zafi tun da muka sauya makamashi

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan muna haya a wani ƙauye kusa da birnin Brescia na ƙasar Italiya, kuma a falo muka tarar da murhun nan mai cin ƙwayoyin garin katako. Tun da farashi ya tashi a 2022 maigidana yake sayen mai arha, wanda kullum sai na kwashe tokarsa, amma bana ya daure ya saro buhu 70 masu kilo 15, masu tambarin ENplus A1, wato shaidar mafi inganci. Tun daga ranar falon yake kaiwa digiri 27 alhali a 21 na saita shi, jaririna yana farkawa wuyansa sharkaf da gumi, ni kuma ina buɗe taga cikin sanyin Janairu. Don Allah ina mafita?

Baban Aisha: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, murhunki lafiyarsa ƙalau. Ƙarfen da ke murɗawa yana zubo ƙwayoyin da lokaci yake aiki, ba da awo ba, don haka idan sababbin sun fi gajarta, a kowane juyi zai zubo fiye da da. Ki shiga wurin saitin makamashi ki rage zubowar mataki ɗaya, ki jira kwana biyu kafin ki ƙara ragewa. A matakin ƙarfin wuta na nawa kike kunna shi?

Hajiya Babba: 'Yata, kada ki taɓa komai, ki kira mai gyara. Ko da yake ni wanda na kira bara ya karɓi kuɗina, ya share bututun hayaƙi rabi da rabi, har yau gilashin murhuna baƙi ƙirin yake, mai gidan hayar kuma ya ƙi ɗaukar wayata.

Baban Sadik: Ku koma wa tsohon makamashin kawai, tunda bai taɓa ba ku matsala ba.

Baban Aisha: Wannan ba shawara ba ce, domin a Lombardiya, yankin da Brescia take, doka ta wajabta A1 ga ƙananan murhu. Maman Khalil, ki duba wayar da ke auna zafin ɗaki a bayan murhun. Idan tana jingine da bango mai sanyi, murhun zai ɗauka ɗakin bai ɗumama ba. Sannan yawancinsu ba sa mutuwa idan zafi ya kai, sai dai su koma mataki na ɗaya, har sai an kunna tsarin da ke kashe su da kansu.

Maman Khalil: Na gode, Yaya, amma wayar tana inda take tun zuwanmu, kuma ba zan shiga saitin murhun da ba namu ba. Kashewa da kunnawa kuma an ce yana saurin lalata abin da ke tayar da wutar.

Baban Aisha: Har yanzu ba ki faɗa mana matakin ba.

Maman Khalil: Maigidan ne yake kunnawa kafin ya fita aiki da asuba. Idan ya dawo zan tambaye shi.