Shawarwarin da aka tattara kan baƙin tabo a fuska

Da aka zauna ana maganar duhun fuska, kusan kowa ya yarda cewa rana ce ke ƙara masa ƙarfi. Duk lokacin da ta bugi fata, sai fatar ta ƙara samar da melanin, sinadarin da ke ba fata launi. Don haka man kare rana mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama, kowace safiya, shi ne farko. Tabon da ke fitowa a kumatu da goshi lokacin goyon ciki ko shan ƙwayar tazarar haihuwa ma, rana ce ke tsananta shi.

An fi daɗewa ana magana kan man bilicin, kuma ya cancanta. Mai ɗauke da steroid (sinadarin maganin kumburi) yakan haska da wuri, amma daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito ja-ja a kumatu, tabon ya dawo ya fi na da muni. Mai mercury (zaiba) kuwa har ƙoda yake taɓawa. Hydroquinone, wani sinadarin haska fata, sai da likita, na 'yan watanni kawai.

Mayukan shafawa masu azelaic acid, niacinamide da bitamin C sun fi sauƙi, sai dai a ba su wata 2 zuwa 3. Mai ciki ta guji retinoid, wato magungunan fata dangin bitamin A. Kada a matse ƙuraje, kada a goga lemun tsami. Tabon da ke sauya siffa ko zubar da jini, likitan fata ya gani.