Babur Sanili 125 yana mutuwa a silo (in ya tsaya inji a kunne): in sayi sabuwar kabureta ko a gyara?

Ɗan Yelwa, Garwa, Kamaru: Salamu alaikum. Babur ɗina Sanili 125 ne, ya kwana biyu. Da safe ba ya tashi sai da cok, in na mayar da cok ya mutu. A kan hanya yana ja lafiya, amma da na saki totur sai salansa ta riƙa harbi tau-tau, in na tsaya kuma ya mutu. Bujin (fulogi) sabo ne, bakinsa fari fat. Makanike ya ce sai sabuwar kabureta. In saya, ko akwai gyara?

Mai Kilando: Wanke matatar iska kawai. Ƙurar rani ce ta toshe ta, shi ya sa bujinka ke baƙi.

Makaniken Domayo: Wa alaikumus salam. Mai Kilando, fari ya ce, ba baƙi ba. Fari na nufin mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa. Ƙanena, kada ka sayi komai tukuna. Rufe famfon mai, kwance ƙwaryar ƙasan kabureta, za ka ga jikla biyu, wato ƙananan sukurori masu rami da mai ke bi. Ƙaramar mai siririn rami ita ke ciyar da inji a silo, ita ce kuma take fara toshewa. Jiƙa ta a fetur mai tsabta, zura mata silin waya ɗaya na jan ƙarfe, hura, ka ɗaga ta sama sai ka ga haske ta cikinta. Ban da allura, tana buɗa ramin. Sukurun gefe na daidaita mai da iska, murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu. In inji ya ɗumama ka daidaita silo wajen zagaye 1,400 a minti.

In bai daina ba, duba robar da ke tsakanin kabureta da inji. Zafinmu na fasa ta. Bar inji a kunne ka girgiza kaburetar da hannu. In ƙarar ta sauya, iska na shiga ta nan, kuma sabuwar kabureta ba za ta magance wannan ba.

Baba Kusiri: Yaro, ji wannan maganar. Abin da ake yi wa masu babur a garejin bakin titi ya ishe ni. A cire wa mutum kaburetarsa ta asali, a ɗaura masa sabuwa mai ƙyalli wadda jiklarta ko lamba babu, fulotarta ba ta rufe mai. Sati bai cika ba ta fara ɗiga ta ƙasa, mai na gangarawa cikin inji yana tsinka baƙin mai, zoben fistan ya ci, hayaƙi ya fara. Ya dawo, a ce masa sai an buɗe inji. Tsohuwar kuwa an wanke ta an sayar wa wani. Mutum mai iyali, kuɗin cefanen wata guda ya tafi a kan toshiyar da iskar baki ke buɗewa! Duk wanda aka canza wa, ya karɓi tsohuwarsa a hannu kafin ya biya.

Ɗan Yelwa: Na gode Baba. Jaka 12 (sefa dubu 12) aka ce mini sabuwar.

Mai Kilando: Kabureta samfurin PZ26? Jaka 6 ce a Marwa.

Mai Kayan Gyara: Ta jaka 6 ita Baba ke kuka da ita. Mai kyau ba ta sauka ƙasa da 15. Kuma ku duba sufaf, wato bawul ɗin inji. In sun matse, babur kan mutu in ya yi zafi ya ƙi tashi. Irin wannan injin tazarar 0.08 mm ake ba sufaf ɗinsa, a auna inji na sanyi.

Makaniken Domayo: Alhaji, nasa da sanyi yake wahala, ba da zafi ba. Mai sayar da kaya ya bar wa mai sifana magana.

Mai Kayan Gyara: Mai sifanar ne ai ya ce masa ya sayi sabuwa.

Mai Kilando: Ka sayar ka sayi jaki, Malam, shi ba ya neman cok da safe.

Baba Kusiri: Ku bar wasa. Me ke toshe jiklar tun farko? Man kwalba. Zare tiyon mai, tsiyaya kaɗan a farar kwalba, bar shi ya kwanta. Ruwa zai zauna a ƙasa, tsatsar tanki ja-ja a kansa. In ka ga haka, sai an sauke tanki an wanke, a sa ƙaramar matata a tiyo, in ba haka ba gobe ma ta toshe.

Mai Kilando: Baba, da araha ce ta sa muke haƙuri da dattin zuwa-zuwa, wato man kwalbar da ake shigowa da shi daga Najeriya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 araharsa ta tafi, wasu kuma suka koma haɗa shi da kananzir. A gidan mai lita ta koma sefa 840 a Fabrairun 2024. Mai kilando, ɗan acaɓa, ya sha wanne?

Mai Kayan Gyara: Mai kananzir a ciki da wari ake gane shi. Ɗiga a tafin hannu: fetur ya bushe nan take, gauraye ya bar maiƙo.

Ɗan Yelwa: To jiklar, da wane lamba zan nema in tawa ta lalace?

Mai Kilando: Kwalbar ma yanzu ba ta cika lita. Ku auna ta wajen Pitowa ku gani.